Kwamfuta ba ta san ƙurar hunturu ba

Duk wanda ya ƙura wa injin babur ido zai ga siraran ƙarafa jere a jikinsa kamar haƙarƙari. Irinsu ne a bayan inbatar sola da jikin taransifoma. Aikinsu shi ne faɗaɗa wurin da ƙarfe mai zafi ke haɗuwa da iska, domin zafin ya samu mafita.

Tsara su kuwa ciniki ne. Idan aka yawaita su, tazarar da ke tsakaninsu ta matse, iska ta kasa ratsawa. Idan aka tsawaita su, bakinsu ya huce har ya daina aiki, ya zama nauyi kawai. Idan aka ƙara musu kauri, kuɗin alminiyum ya hau. Tun a 1926 injiniyan Jamus Ernst Schmidt ya nuna cewa haƙarƙarin da ya fi tsimin ƙarfe shi ne mai kaurin gindi da ke sirancewa zuwa baki, sai a 1959 Richard Duffin ya tabbatar da hakan a lissafi.

Su da alƙalami suka yi nasu. Yau kwamfuta ce ke gwada dubban siffofi. Wata hanyar, wadda John Holland na Jami'ar Michigan ya shimfiɗa tushenta a littafinsa na 1975, tana kwaikwayon kiwo ne: a zaɓi zanen da suka fi sanyaya, a haɗa su su “haifi” sababbi, a zubar da raunana, a sake. Wata kuma, da ta samo asali daga aikin Bendsøe da Kikuchi na 1988, ba ta farawa da siffa ko kaɗan. Ana ba ta fili ne, ta yanke inda ƙarfe zai zauna da inda za a bar wa iska. Abin da take fitarwa yakan yi kama da rassan bishiya, abin sha'awa ƙwarai a allo.

Sai dai lissafin ba ya neman komai face abin da aka ce ya nema, a yanayin da aka faɗa masa. Idan an gaya masa iskar tsaftatacciya ce mai sanyin ɗakin gwaji, zai cika fili da ƙananan rassa da matsattsun hanyoyi, kuma bai yi kuskure ba.

A kawo wannan zane Sakkwato ko Maiduguri. Zafin da haƙarƙari ke fitarwa yana bin bambancin zafinsa da na iskar da ke kewaye. A ɗauka ƙarfen yana digiri 70: a iska mai digiri 25 bambancin 45 ne, a ranar Afrilu mai digiri 42 ya koma 28. Fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi tun ƙura ba ta sauka ba. Da hunturu ya kama, ƙurar ta fara toshe matsattsun hanyoyin nan, ta lulluɓe ƙarfen kamar bargo. Inbatar da ta ɗau zafi takan rage wutar da take bayarwa don kare kanta, ko ta ɗauke gaba ɗaya, kuma firjin ajiye rigakafi a asibitin karkara ba ya jiran ta huce.

Saboda haka zanen da ya ci gasa a allo bai isa a kira shi mafi kyau ba. Haƙarƙari miƙaƙƙe mai faɗin tazara, wanda mai gyara zai share da buroshi, yana iya faɗuwa gwajin ranar farko amma ya yi gaba bayan wata shida. Ga shi ana iya matso shi daga alminiyum da araha, alhali mai rassan yakan buƙaci na'urar buga ƙarfe mai tsada.

Laifin ba na lissafin ba ne, domin ana iya sa masa zafin bazara, taruwar ƙura da sauƙin shara cikin sharuɗɗansa. Abin da yake buƙata shi ne awo: yawan ƙurar da ke taruwa a tazara kaza cikin mako kaza. Sassan injiniyanci na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna zaune a inda ƙurar take, kuma ma'aunin zafi da 'yan faranti na alminiyum a kan rufi sun isa a fara daga Nuwamba zuwa Fabrairu.