Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Kwashe Kuɗi: Mai Ƙirƙira Ya Nemi Takarda Tukuna

Duk wanda ya zaga Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabon Badun, ko Ama Hausa a Owerri, ya san mutanen Arewa mazauna Kudu ba fawa da gadi da sayar da goro kaɗai suke yi ba. Cikinsu akwai maƙera da masu walda da kanikawa. Wani zai ƙera murhun gasa tsire wanda ba ya cin gawayi da yawa, wani ya gyara injin markaɗe ya daina toshewa. Amma sau da yawa kafin wata uku sai a ga irin abin ya cika kasuwa, wasu na cin riba, shi kuwa mai dabarar ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan.

Laifin ba na masu kwaikwayo kaɗai ba ne. Babban abin da ke jawo wannan hasara shi ne rashin sanin doka. Tun 1970 Nijeriya take da dokar da ke kare mai ƙirƙira. Wanda ya fito da sabuwar dabara yana iya zuwa ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya a Abuja, ya nemi takardar mallakar ƙirƙira. Idan ya samu, ba mai ikon ƙera abin, ko sayar da shi, ko shigo da irinsa daga waje, sai da yardarsa, har shekara 20 daga ranar da ya miƙa takardun neman. Sharuɗɗan uku ne: abin ya kasance sabo, ya kasance akwai dabara cikinsa wadda ba kowane gwanin sana'ar zai hango ba, kuma ya kasance ana iya ƙera shi ko aiki da shi a masana'anta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Dokar tana ba da haƙƙi ga wanda ya riga kai takarda ne. Bugu da ƙari, abin da aka riga aka bayyana ga jama'a, ko da baki ne, ko a rubuce, ko ta hanyar aiki da shi a fili, ya tashi daga sabo. Watau maƙerin da ya ɗora hoton injinsa a Facebook don a yaba masa, ko ya sayar da guda goma a kasuwa don ya gwada, da hannunsa ya rushe haƙƙinsa. Saboda haka takarda ce farko, nuni daga baya. In kuwa tilas ne a nuna wa mai kuɗi ko mai masana'anta, to a sa shi ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe asiri.

Wani zai ce ina talaka ya ga kuɗin lauya? Akwai hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979 da wani suna, aka sāke mata wannan suna a 1992. Cikin ayyukanta akwai taimakon 'yan ƙasa masu ƙirƙira wajen tsara takardu da kai su rajista. Matambayi ba ya ɓata.

Sai dai kada kowa ya ɗauka takardar laya ce. Ofishin rajistar Nijeriya yana duba cikar takardu ne, ba ya bincike ko abin sabo ne da gaske. Idan wani ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya ya nuna an daɗe da sanin dabarar, kotu na iya soke takardar. Don haka wajibi ne mutum ya sa a bincika masa tukuna a rumbunan rajista da ke intanet. Akwai kuma kuɗin shekara-shekara, wanda in aka daina biya takardar ta faɗi. Haka nan takardar Nijeriya iyakarta Nijeriya. Nijar da Cadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, Ghana da Sudan suna cikin ARIPO da ke Harare, Nijeriya kuwa ba ta cikin ko ɗaya. Mai son kai kayansa Maraɗi ko Kumasi yana da wata 12 daga ranar rajistarsa ta gida ya nemi kariya a can da ranarsa ta farko.

Ba kowace dabara ce ma ta cancanci rajista ba. Neman takarda yana nufin a rubuta asirin duka, kowa ya karanta. Mai haɗin yaji na musamman wanda ba a iya ganewa da ɗanɗano, gara ya kama bakinsa. Amma injin da kowane mai walda zai kwance ya gane cikin yini ɗaya, wannan takarda ce kaɗai garkuwarsa.

Bayan takarda ta zo hannu, sai babbar tambaya: a sayar ne, ko a ba da lasin? Shawara mafi kyau ga wanda ba shi da jari ita ce lasin, watau ya riƙe mallakarsa, ya ba kamfani iznin ƙerawa, ana ba shi kaso cikin kowane ciniki. Lonnie Johnson, wani baƙar fata injiniya a Amurka, haka ya yi da bindigar ruwa ta wasan yara mai suna Super Soaker. A 1989 ya ba kamfanin Larami lasin. Da saɓani ya tashi kan kasonsa da kamfanin Hasbro, wanda ya sayi Larami, a 2013 aka yanke a biya shi kusan dala miliyan 73. Da ya sayar gaba ɗaya tun farko, da ba shi da bakin magana.

Amma lasin ma yana da ramuka. Maganin sikila mai suna Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa daga tsirrai, an ba kamfanin Xechem na Amurka lasinsa shi kaɗai a 2002. An fara sayar da shi a 2006 da sunan Nicosan. A 2008 kamfanin ya karye, maganin ya yi ƙaranci, marasa lafiya suka shiga wahala. Darasin a fili yake. Kada a danƙa wa kamfani ɗaya kome da kome ba tare da sharaɗi ba. A rubuta yawan kason, da mafi ƙarancin abin da za a biya kowace shekara ko an yi ciniki ko ba a yi ba, da yankin da lasin ya shafa, da iznin duba littattafan ciniki, da cewa in kamfani ya kasa ƙerawa haƙƙi ya komo ga mai shi. Doka ta ce yarjejeniyar ta kasance a rubuce, a kuma yi mata rajista. Musafaha da "Allah shi ne shaida" ba su isa a gaban alƙali ba.

Shari'a kuwa ba abin gaggawa ba ce. Robert Kearns, wanda ya ƙirƙiro abin share gilashin mota mai tsayawa yana tashi, ya kai kamfanin Ford ƙara a 1978, bai ga kuɗinsa ba sai 1990, dala miliyan 10 da 'yan kai. Shekara 12 ke nan, a ƙasar da ta fi wannan wadata. Rigakafi ya fi magani.

A nan ne shugabanni suke da aiki. Sarakunan Hausawa na Kudu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna tara kuɗi don biki da sulhu da belin wanda aka kama. Me zai hana su buɗe asusu ƙarami, su ɗauki lauya ɗaya masanin wannan fanni, wanda duk mai dabara zai gani a asirce kafin ya fita kasuwa? Gwamnati kuma ya kamata ta fassara dokar da Hausa da sauran harsuna, ta buɗe wuraren karɓar takardu kusa da masu sana'a, ta kuma sabunta dokar da ta haura shekara 50.

Arziki na Allah ne, ba musu. Amma wanda ya bar ƙofarsa a buɗe ya tafi kasuwa, kada ya zargi kowa. Allah Ya ba mai dabara ikon cin gajiyar guminsa, amin.