Depite a Yamai: wa ya taɓa tambayarsa ina ya tsaya?

Masu karatu, duk ranar da muka buɗe layin waya a gidan rediyo aka taɓo zancen tsofaffin 'yan majalisa, ƙorafin mutanen Matamaye ɗaya ne: wai da zarar mutum ya ci zaɓe ya tafi Yamai, shi ke nan, sai dai a gan shi a talabijin. Akwai gaskiya a ciki. Amma bari yau mu leƙa can, mu ga yadda depite ke kwana ya tashi lokacin da siyasa ta ɗauki zafi.

Mu ɗauki 2009, shekarar Tazarce. Majalisa na da kujeru 113, Mahamane Ousmane ɗan Damagaram ne shugabanta. Zaman farko na shekara ya shiga cikin bazara, zafin Yamai kuwa ba sai an faɗa ba. Depite ya baro iyali a tazarar kusan kilomita 900, wuni cur cikin mota: Takieta, Tasawa, Maradi, Konni, Dogon Dutsi, Doso. Gidan da ya sauka ya zama masaukin kowa, tun asuba mutanenmu sun cika ƙofa. Wannan ya zo da takardar magani, wancan ɗalibi ne guzuri ya yanke masa, wani kuwa kuɗin motar komawa gida kaɗai yake nema. Salula ba ta hutawa: suna a Kance, rasuwa a Yawuri, taki ga manoman rake. Da hantsi ya tafi majalisa, inda kowa ke kallon kowa ta wutsiyar ido. Da dare jam'iyya ta kira taro, a nan ake faɗa masa inda zai tsaya.

To jama'a, cikin baƙin nan duka, mutum nawa suka durƙusa suka ce: "Ranka ya daɗe, shekara ukun nan da shugaba Tandja yake son ƙarawa, kana ciki ko ba ka ciki?" Mu lokacin muna samari, muna manne da rediyo, amma mu ma ba mu tambaya ba. Mun aika mutum ya yi doka ya sa ido kan gwamnati, sai muka maida shi asusu. Wanda kuwa buƙatun mutane suka yi wa katutu, tilas ya ji tsoron mai riƙe da baitulmali. Ba wanke su muke ba, akwai waɗanda cikinsu suka je cikawa, kuma ba mu manta da rigimar alawus ɗinsu ta 2008 ba. Sai dai hannunmu ma yana cikin kwanon.

Ranar 25 ga Mayu kotun tsarin mulki ta ce zaɓen raba-gardamar da ake shiri ya saɓa wa doka. Washegari aka rusa majalisa. Depite ya wayi gari babu kujera, babu albashi, salula kuwa ba ta daina kuka ba. Aka rusa kotun ita ma ranar 29 ga Yuni, aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta. Waɗanda aka zaɓa a Oktoba ko wata biyar ba su cika ba, sojojin Salou Djibo suka karɓi mulki ranar 18 ga Fabrairun 2010. A Yulin 2023 ma majalisa ta sake tafiya. Mu faɗi gaskiya, abin da ya fi damun da yawanmu shi ne wa zai saya mana magani, ba wa zai yi magana da yawunmu ba.

Shi ya sa muke ba 'yan uwanmu ma'aikatan rediyo shawara. Duk ranar da Allah Ya dawo da mu zaɓe, a ware awa ɗaya kowane mako muddin ana zaman majalisa, a kira wakilinmu daga Yamai kai tsaye, ya faɗa mana da Hausa dokar da aka kawo da inda ya ɗaga hannu. Wanda ya bugo don neman kuɗin suna kuwa, a gaishe shi da ladabi, a ba na bayansa layi.