Waƙar Da Ba Ka Jin Harshenta: Abin Da Na Koya A Teburin Mai Shayi A Gangare

Kafin in shiga magana bari in faɗi matsayina a fagen harshe, domin abin da zan faɗa a kansa ya rataya. Ni dai ba da Hausa na buɗe baki ba. A gidanmu Yarbanci ake yi, kakannina daga Ogbomosho suka hau Jos tun zamanin haƙar kuza. Hausa kuwa a bakin titin Gangare na tsince ta, wurin sayen ƙosai da wasan ƙwallo da faɗan yara. Saboda haka na san yadda mutum yake ji idan ana magana a gabansa, yana jin sauti amma ba ya jin ma'ana.

A hutun da ya wuce an ba mu aikin gida a kan bukukuwan al'adu, ni kuma na zaɓi bikin FESTAC da aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna. Ina cikin bincike a intanet sai na ci karo da sunan wani mawaƙi ɗan ƙasar Birazil, Gilberto Gil. Ya halarci bikin, ya ziyarci Fela Kuti a gidan rawarsa, da ya koma gida kuma ya fitar da faifai mai suna Refavela a wannan shekarar. Ban taɓa jin sunansa ba, ban kuma san ko kalma guda ta harshen Fotugal ba. Na sauke faifan a waya don kawai in ji abin da baƙo ya ɗauko daga ƙasarmu.

Da daddare na kunna shi a teburin mai shayin unguwarmu. Ba a yi minti biyu ba wani abokina ya ce, "Malam, me wannan yake cewa ne?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To kashe mana, ka sa abin da ake ji." Abin mamaki, da na kashe, waƙar Indiya ya sa, ya kuma bi ta baki da baki, alhali ko ruwa ba zai iya roƙa da harshen Hindi ba. Nan na gane cewa rashin jin harshe ba shi ne ya dame shi ba, rashin sabo ne. Shekara da shekaru ana jin waƙar Indiya a ƙasar Hausa har kunne ya ɗauke ta 'yar gida. Wannan kuwa baƙuwa ce, ita kuma baƙuwa sai an ba ta wurin zama kafin a san halinta.

Na koma ɗaki na ba ta wurin zama. Daren farko kiɗan kawai na bi. Akwai salon da ake kira samba a cikinsa, wato kiɗa mai bugu biyu-biyu, babbar ganga tana nauyaya bugu na biyu, ƙananan kayan kiɗa kuma suna ta yayyafi a tsakani. Samba ta yi ƙarfi ne a birnin Rio de Janeiro a farkon ƙarni na 20, a gidajen baƙaƙen fata da suka ƙaura daga jihar Bahiya. Gil bai tsaya a kanta kaɗai ba, ya gauraya ta da kiɗan baƙaƙen Amurka da kuma irin kaɗa jitar da ya ji a Legas. Dare na biyu na koma kan furuci, kamar yadda aka koya mana a darasin ilimin sauti. Na lura harshen cike yake da wasulan hanci, irin waɗanda muke da su a Yarbanci amma babu su a Hausa. Na kuma lura ba karin sauti ke rarrabe kalmominsu ba kamar namu, ƙarfafa gaɓa guda suke yi a kowace kalma.

A dare na uku ne gabana ya faɗi. Cikin wannan harshe da ban sani ba sai na riƙa tsintar kalmomin mahaifiyata. Waƙa guda sunanta "Ilê Ayê", wanda duk Bayarabe ya san yana nufin gidan duniya. Wata kuma "Babá Alapalá", a cikinta na ji sunan Sango ƙarara. Akwai kuma ƙarar wani ƙarfe mai kama da kugen Hausawa. Da na bincika sai na tarar a Birazil sunansa agogô, daga kalmar Yarbanci mai nufin ƙararrawa. Ita ce dai kalmar da Hausa ta ara ta ce agogo. Ka ga kalma guda ta rabu gida biyu: ɗaya ta yi arewa ta zama abin duba lokaci, ɗaya ta ƙetare teku ta zama abin kiɗa.

Daga nan sai tambaya ta taso mini a matsayina na ɗalibin Hausa: idan Yarabawa sun isa can, ina labarin Hausawa? Ashe su ma sun isa. An haifi Gil a 1942 a birnin Salvador na jihar Bahiya, birnin da aka riƙa sauke bayi daga gaɓar tekunmu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 da rushewar daular Oyo sun jefa mutane da yawa hannun masu fataucin bayi, cikinsu har da Hausawa. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a Salvador, suka sake tashi a 1809 da 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumi, aka yi tawayen da ake kira na Malê, wanda akasarin masu yinsa Yarabawa Musulmi ne, tare da wasu Hausawa. An sami layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Sai a 1888 Birazil ta haramta bauta. Har yau a Bahiya akwai wani abinci na shinkafa da busasshen nama da suke kira arroz de hauçá, wato shinkafar Bahaushe.

Ni da nake shekara ta uku ina nazarin Hausa, ban taɓa jin wannan a aji ba. Mawaƙin da ban ji harshensa ba ne ya kai ni. Da na bi shawarar abokina na kashe waƙar, da har yanzu ina zaton iyakar tafiyar Bahaushe ita ce Gwanja da Sudan da Makka.

Ra'ayina ke nan: kunne shi ne kayan aikin ɗalibin harshe na farko, kuma wanda ba ya iya zama ya saurari abin da bai gane ba, bai fara karatun harshe ba tukuna. Dukkanmu da haka muka fara. Jariri yakan yi wata da watanni yana sauraro kafin ya furta kalma. Ni kaina na haddace waƙoƙin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tun ban san rabin abin da yake faɗa ba. Kuntiginsa ne ya riƙe ni har ma'ana ta iso daga baya. Amma da zarar mun shigo jami'a sai mu mayar da harshe abin allo da takarda, mu iya zana bishiyar jumla, mu kasa haƙurin minti biyar da baƙon sauti.

Na san akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Wani dattijo a teburin ya ce da ni, "Yaro, ka san ko zaginka yake yi, ko kuwa gunki yake kira?" Na ce, "Baba, gaskiyarka." Lallai wasu waƙoƙin faifan suna ambaton abubuwan bautar gargajiyar Yarabawa, waɗanda har yanzu wasu ke bi a Bahiya. Sai dai mu ma a sashenmu muna nazarin waƙoƙin bori da kirarin iskoki, ba wanda ya ce mun zama 'yan bori. Maganin rashin sani tambaya ce. Wanda ya toshe kunne bai tsira daga jahilci ba, ajiye shi ya yi a inda yake.

Hujja ta biyu ita ce kunne kaɗai yana yaudara, wannan ma na yarda da ita domin ta faru da ni. Akwai waƙa a faifan mai suna "Samba do Avião", wadda asalinta ta Tom Jobim ce. Na yi kwanaki ina ɗauka begen wata mace ake yi. Da na nemi fassara sai na ga ashe mutum ne a cikin jirgin sama yana hango garinsu Rio, zuciyarsa na ɗokin sauka. Na kuskure wanda ake bege, amma ban kuskure begen ba. Saboda haka sauraro mataki ne na farko, bincike ne na biyu, ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗayan ba.

Abin da ya sa wannan magana ta dame ni ya wuce batun waƙa. Mu mutanen Jos mun san abin da rashin sauraron juna ya jawo mana tun daga rikicin 2001, da na 2008 da 2010. Unguwanni sun rarrabu, yaro yakan tashi bai taɓa zama ya ji Birom ko Angas ko Jarawa suna hira da harshensu ba, balle ya ji waƙarsu. Su kuwa akasarinsu suna jin Hausa. Mu da Hausa ta zame mana harshe na biyu mun saba da wahalar shiga harshen wani. 'Yan'uwana da suka sha ta a nono, sau da yawa ba su taɓa ɗanɗana wannan wahala ba, domin duk inda suka shiga a Arewa da harshensu ake tarbarsu. Wannan gata ne, amma gatan da yake iya sa kunne ya yi lalaci.

Don haka ina ba ƙungiyarmu ta ɗalibai shawara. Ko sau ɗaya a wata a ware awa guda, a sa waƙa cikin harshen da babu mai jin sa a ɗakin, kowa ya rubuta sautukan da ya ji da abin da yake zaton ana faɗa, sa'annan a kawo fassara a gwada. A fara da harsunan maƙwabtanmu kafin a ƙetare teku. Masu neman batun kundin digiri kuma, ga fili nan: Hausawa a Bahiya, da kalmomin da suka yi tafiya tare da bayi. Ko a nan gida, "sabi" da "pikin" da muke ji kullum a turancin buroka daga harshen Fotugal suka samo asali, haka ma sunan Legas kansa.

Kafin hutu ya ƙare na sake kunna faifan a teburin nan. Abokina bai ce in kashe ba wannan karon. Yana kaɗa cokali a jikin kofi, sai ya ce, "Wai da gaske suna da shinkafar Bahaushe?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To tura mini." Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu kunnen sauraro da haƙurin bincike, amin.