Kafin a zargi rezo, a duba abin da ke hannu

A Kiyeshe, kamar sauran garuruwan ƙasar Arewa, wayar salula ta shiga sahun kayan aikin gida. Da ita ɗan ci-rani ke aiko da kuɗin hatsi, da ita manomi ke jin farashin wake a Dogon Dutsi, da ita ake neman mota in haihuwa ta zo da gardama cikin dare. Amma da zarar kira ya ƙi shiga, sai a ce rezo ya ɗauke, a naɗe hannu. Wani kuwa ya biya kuɗin mota zuwa wurin mai gyara, alhali wayarsa lafiya lau take. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bincike daga kusa yake farawa. Da fari mai waya ya duba ko kuɗinsa sun ƙare, ko wa'adin intanet da ya saya ya cika. Ya duba ko alamar jirgin sama ta fito a fuskar wayar, domin muddin tana nan babu kiran da zai shiga ko ya fita. Sa'an nan ya kashe wayar, ya cire katin layi, ya share ƙura, ya mayar, ya kunna. In abin ya ƙi, ya fita fili, ya sa katinsa cikin wayar maƙwabci. In ya yi aiki a can, laifin na wayarsa ne, lokacin zuwa wurin mai gyara ya yi. Mazauna bakin iyaka su lura da sunan da ke rubuce a sama, domin waya takan kama rezon Najeriya ta saki na gida.

In kuwa duk masu layi iri ɗaya sun rasa, matsalar ta wuce gida. Ƙarfen sadarwa ba ya aiki sai da lantarki, ko inji da mai, ko hasken rana. Wani lokaci ma tushen abin yana nesa ƙwarai: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun yanke daura da gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijar da ba ta da bakin teku.

A nan ne nauyi ya hau kan waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci. Wajibi ne kowane ƙauye ya sami mutum guda mai littafi, yana rubuta ranar da rezo ya ɗauke, da sa'ar, da sunan kamfanin, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms. Maigari ya miƙa takardar ga hukumar Kiyeshe, ita kuma ta isar ga kamfanin da kuma ARCEP, hukumar da ke sa ido kan sha'anin sadarwa. Kukan baki iska ke tafiya da shi, abin da aka rubuta da rana da sa'a dole a amsa shi.

Ya rage ga ma'aikata su karɓi irin wannan takarda da muhimmanci, kada ta kwana cikin akwatin tebur. Talakan da ya biya kuɗin layi yana da haƙƙin a ji muryarsa ranar da bukata ta taso.