Wasiƙar Akawu: A Kan Sayen Ragar Ƙwallo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wa wani malamin makaranta da ya rubuto yana tambaya wace irin raga ta kamata ya saya wa yaransa, ga shi kuɗin da iyaye suka tara ba su da yawa, yana tsoron kada ya zubar da su a banza. Malam, ka yi tambaya inda ya dace, gama a garinmu ba wanda raga ta ba kunya kamata. Bari in ba ka labarin tukuna.

Shekara biyu ke nan da mu akawuna muka yi karo-karo don mu sayi raga biyu na gidajen filinmu na tamaula. Da yake ni ke riƙe da littafin kuɗi, sai aka ce ni zan tafi. Na shiga kasuwa, wani mai kanti ya jawo mini wata raga fara fat, a naɗe cikin leda, ya rantse daga waje ta zo, ya kuwa yi mini ragi mai yawa. Ban warware ta ba, ban auna ta ba, ban ko taɓa zaren ba. Na komo da canji a aljihu, 'yan'uwa suna ta yabona wai na iya ciniki. Muka ɗaura ta a ƙarshen damina, muka bar ta nan dare da rana, hunturu ya wuce a kanta, bazara ta shigo.

Ran nan muka gayyaci samarin wata unguwa wasa. Saura kaɗan a tashi, kowa yana da ci ɗaya, sai wani yaro nasu ya ɗirka ƙwallo daga nesa. Abin da kowa ya gani shi ne raga ta motsa, ƙwallo kuwa ga ta can tana gangarawa cikin gonar da ke bayan gida. Su suka ce ta shiga ta fasa raga ta fice. Mu muka ce ta bayan turke ta bi, ta goga raga kawai. Alƙalin wasa ya zo ya duba, ya tarad da huda har uku, kowace ƙwallo na iya bi, ya rasa ta cewa. Kai, ranar nan ba don dattawan da suka zo kallo ba, da an fasa kawuna. Aka watse ba a gama wasa ba, mutanen da muke zuwa sunan juna suka yi wata uku ba sa amsa gaisuwarmu. Abin da ya fi ci mini rai, har cikin namu aka sami masu raɗe-raɗin wai akawu ya sayo rubabbiya ya cinye sauran kuɗin. Na buɗe littafi na nuna musu har kwabon ƙarshe, amma dai maganar ta riga ta fita. Araha ba ta ado, in ji mutanen da.

Tun daga ran nan na shiga binciken al'amarin raga, sai na tarar ashe irin wannan gardama tamu ita ce ma ta haife ta. A birnin Liverpool na ƙasar Ingila akwai wani injiniya, John Alexander Brodie. A shekarar 1889 aka yi musu a wani wasa na Everton a kan ko ƙwallo ta bi tsakanin turaku ko ba ta bi ba, shi kuwa ya koma gida ya ƙago wata jaka ta zare da za a rataya bayan gida ta riƙe ƙwallo. Aka gwada ta a Nottingham a 1891, a 1892 aka ɗaura ta a wasan ƙarshe na Kofin FA. Watau tun asali aikin raga shi ne ba da shaida. Har wa yau dokar tamaula ba ta ce tilas sai da ita ba. Ta ce dai ana iya ɗaura ta, muddin an tallafe ta sosai, ba ta kuma hana mai tsaron gida sakewa ba. Masu ƙwallon dawaki ma faɗin gidansu yadi 8 ne kamar namu, ba su da raga, sai mutum ya tsaya a baya da tuta. Wanda ba shi da kuɗin ta kirki gara ya yi koyi da su, domin shaidar zur ta fi rashin shaida ɓarna.

Kada kuwa wani ya zaci mu kaɗai abin ya taɓa samu. A Jamus, cikin watan Oktoba na 2013, Bayer Leverkusen ta je wasa gidan Hoffenheim. Stefan Kiessling ya sa kai, ƙwallo ta bi ta waje, ta sami wata huda a ragar gefe ta faɗa ciki. Alƙali ya gan ta kwance cikin gida ya ce an ci, aka tashi 2 da 1, aka kai ƙara, hukunci bai sake ba. Su yanzu manyan filayensu suna da na'urar da ke gaya wa alƙali in ƙwallo ta haye layi. Mu a filin makaranta da na unguwa ba mu da kowa sai raga.

To, Malam, abin da za ka fara dubawa shi ne idon raga, watau faɗin kowace ƙofa tsakanin ƙulli da ƙulli. Wannan ban koye shi a littafi ba. Wani tsohon masunci ne, wanda na kai wa yagaggiyar ragarmu ko za ta ɗinku, ya dube ta ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, mu ba mu saƙa taru sai mun san kifin da za mu kama." Haka abin yake. Ƙwallon ƙafa ta manya kewayenta santimita 68 zuwa 70 ne, kaurinta wajen santimita 22, saboda haka ido mai santimita 10 zuwa 12 ya ishe ta. Amma ƙwallon tanis ba ta kai santimita 7 ba, ta kurket da ta hoki kuwa kaɗan suka ɗara haka, ga su da tauri kamar dutse. Ka rataya musu ragar tamaula, sai su wuce kamar ba kome. Su nasu idon bai kamata ya wuce santimita 4 da rabi ba, dokar hoki ma ta faɗi haka a fili. Ragar ƙwallon raga kuwa doka ta yanke mata kome: ido santimita 10, faɗi mita 1, tsawo mita 9 da rabi zuwa 10, a ɗaga ta mita 2.43 ga maza, 2.24 ga mata. Ba a yanko ragar gida a miƙe ta a ce ta zama ita, gama tana bukatar farin ƙyalle a baki da igiya mai ƙarfi a ciki wadda za ta ɗaure ta tam.

Wani zai ce, to, ai sai a sayi mai ƙananan ido ƙwarai a huta. A'a. Gwargwadon ƙanƙantar ido, gwargwadon yawan zare, da nauyi, da tsada, da kuma iskar da za ta tare. Doguwar ragar da ake kafawa bayan gida don kada ƙwallo ta faɗa kan titi ko cikin gidajen mutane, in idonta ya cika matsi, guguwar farkon damina sai ta tuge ta har da turakunta. Ina kuma roƙon yara da iyayensu su bar ɗaura gidan sauro a maimakon raga. Bugu biyu ya yage, da dare kuma sauro ya sami jiki.

Daga ido sai zare, nan kuwa ne aka cuce ni. Zaren auduga da na rama suna da daɗin taɓawa, amma ruwa yana ruɓar da su, gara da ɓera suna cin su. Ragunan kasuwa na yanzu galibi na roba ne, iri uku: nailan, da foliyetilin, da folifurofilin. Nailan ya fi ƙarfi, yana da talewa, sai dai yana shan ruwa kaɗan, in ya jiƙe ƙarfinsa ya ɗan ragu. Sauran biyun ba sa shan ruwa. Tsohon masuncin nan ya nuna mini yadda ake rarrabe su: ya yanki ɗan guntu, ya jiƙa shi sosai, ya jefa cikin ƙwaryar ruwa. Nailan nutsewa yake yi, sauran biyun su taso sama. Babban abokin gaban su duka shi ne rana. Haskenta yana cin roba a hankali har ta bushe ta riƙa karyewa, in ba a gauraya mata maganin rana tun a masana'anta ba, folifurofilin kuwa ya fi saurin lalacewa in babu maganin. Ƙwaryar ruwa ba ta nuna wannan. Sai ka nemi takardar da ke jikin naɗin ka ga ko an rubuta an yi mata maganin rana, in mai kanti ya ce takardar ta ɓata, ka yi masa sallama. Ka kuma kankare zaren da farce. In wani farin gari ya fito, ta riga ta sha rana tun a rataye a bakin kanti. Tamu da na gwada bayan rigimar, da yatsa biyu nake tsinka ta. Don ragar shinge wadda ba a saukewa, baƙa ta fi, domin baƙin da ake zuba mata yana kāre ta daga rana, ba ta kuma tare wa masu kallo ido.

Kaurin zare kuma, a ganina ga manya kada ya kasa milimita 3, in da hali 4. Ga yaran elementare milimita 2 da rabi ya isa. Ka ja ƙulli biyu uku da ƙarfi ka gani ko suna zamewa, ka duba bakin raga ko an dāje shi da igiya, domin daga baki take fara mutuwa, wurin da take gogar ƙarfe.

Sa'an nan kada ka fita gida sai ka auna turakunka. Gidan manya faɗinsa yadi 8 ne, tsayinsa ƙafa 8, watau mita 7.32 da mita 2.44, amma na makarantu da yawa maƙeri ne ya yi su da ido, kowane da nasa awo. Ka auna har zurfin baya, sama da ƙasa. Raga tana son ta yi ɗan sako-sako, domin ta haɗiye ƙarfin ƙwallo ta ajiye ta ƙasa. In aka ɗame ta kamar fatar ganga, ko aka sa ƙarfe kusa a bayanta, ƙwallo sai ta shiga ta komo fili kafin ƙiftawar ido. Haka ta sami Clive Allen na Crystal Palace a 1980 a gidan Coventry: ya buga ta shiga, ta daki ƙarfen da ke riƙe da raga a baya ta fito, alƙali ya ce ba a ci ba. A ɗaure ta a turke da sandar sama ba tare da barin tazara ba, a kafe gindinta da ƙasa. In gidan irin na ɗauka ne, lalle a kafe shi da kyau, doka ma ta ce haka, gama yara suna son hawan raga, gidan ƙarfe kuwa in ya kife a kan yaro ba ƙaramin abu ba ne.

Game da kuɗinka da ka ce ba yawa, ga shawarata. Kada ka raba su a kan raga huɗu marasa kirki. Sayi biyu masu kyau na wasan da yaranka suka fi yi, saura su jira baɗi. Ka naɗa yara biyu su riƙa kwance su bayan wasa, a bar su su bushe, a sa cikin buhu a rataye a ɗaki inda ɓera ba ya kai wa. Ka nemi masunci ko mai saƙar taru ya koya musu ƙullin gyara, aikin yini ɗaya ne, domin huda ɗaya in an bar ta mako guda ta zama uku. Kafin kowane wasa kuma a sa shugabannin ƙungiya biyu su zaga tare da alƙali su taɓa ragar da hannunsu.

Mu dai mun sake karo-karo, wannan karon mu uku muka tafi kasuwa, da ƙwallo a hammata da abin awo a aljihu, muka sa mai kanti ya shimfiɗa ragar a ƙasa tun daga wannan baki har wancan, yana ta gunaguni. Samarin unguwar nan kuwa sun amsa gayyatarmu bayan da dattawa suka sa baki, suka zo suka ci mu 3 da nema, kowace ƙwallo tana kwance cikin raga kowa yana gani. Malam, in ka saya, ka rubuto ta hannun Edita ka gaya mana irin wadda ka samu da yadda ta yi da bazara.

Naku,
Akawun Bakin Fili