A Datse Hanyar Fayil Kafin Ta Cika Rumbun Ƙidaya

Duk ma'aikatar da ke gudanar da manyan kwamfutoci masu yawa tana da wani tsari da ke duba lafiyarsu dare da rana: sarari nawa ya rage a faifai, buƙatu nawa suka shigo, nawa suka gaza. Ɗaya daga cikin fitattun manhajojin wannan aiki ita ce Prometheus, wadda injiniyoyin kamfanin SoundCloud suka fara ginawa a 2012, ta kuma shiga ƙarƙashin gidauniyar CNCF a 2016, bayan Kubernetes. Tana ajiye kowace ƙidaya tare da laƙabobin da ke bayyana ta, kamar sunan na'ura ko wurin da aka ɗora faifai. A nan ne hanyar fayil, wato adireshin da ke nuna inda abu yake a cikin kwamfuta, take kutsowa. Bai dace a bar ta ta shiga rumbun ƙidaya yadda take ba. Wajibi ne a datse ta, kuma datsewar ta fi kyau tun daga tushe.

Dalilin yana cikin yadda ake ajiyar. A wurin Prometheus, duk haɗin laƙabobi da ya bambanta da wani, ko da da harafi ɗaya ne, sabuwar silsila ce mai zaman kanta, kuma kowace silsila mai rai tana cin rabonta a ƙwaƙwalwar na'ura. Laƙabobin kuwa ninkawa suke yi. A ɗauka akwai na'urori 200, da nau'in amsa 5, da hanyoyi 40: silsiloli 40,000 ke nan, abin da na'ura ɗaya za ta ɗauka cikin sauƙi. Idan aka bar hanyoyin suka kai 10,000 saboda kowace tana ɗauke da lambar wani fayil, lissafin zai iya kaiwa miliyan 10, alhali tambayar da ake son amsawa ba ta canza ba.

Misalin da ya fi yawa shi ne na Kubernetes. Manhajar node_exporter tana ba da rahoton sararin kowane faifai tare da laƙabin mountpoint, wanda ke ɗauke da hanyar da aka ɗora shi. Kubernetes kuma yana ɗora ma'ajiyar kowane rukunin kwantena a ƙarƙashin /var/lib/kubelet/pods/, sai lambar shaida mai haruffa 36 ta biyo baya. Duk lokacin da aka sabunta manhaja, tsoffin rukunoni su mutu, sababbi su tashi da sababbin lambobi, sai sababbin silsiloli su haifu, tsoffin kuma ba sa barin ƙwaƙwalwa nan take. Da haka tsarin da aka kafa don ya yi ƙararrawa yakan zama shi ne farkon faɗuwa, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Wurare uku ake iya yin gyaran, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Na farko shi ne cikin manhajar da ke fitar da ƙidayar, inda mai rubuta ta zai tura samfurin hanyar a maimakon cikakkiyar hanyar. Ƙa'idojin OpenTelemetry sun bi wannan hikima ga adireshin shafukan intanet, inda suka ware http.route domin samfuri mai iyakantattun ƙimomi. Na biyu shi ne ƙofar shiga: Prometheus na da metric_relabel_configs, wanda ke sake rubuta laƙabi ko ya zubar da silsila bayan an kwaso ta, kafin a ajiye. Na uku shi ne lokacin tambaya, ta hanyar label_replace. Wannan na ƙarshe yana gyara abin da ido ke gani a allo kawai, domin kayan sun riga sun shiga rumbu, an kuma riga an biya kuɗin ajiyarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gyaran ƙofar shiga ma yana da tarkon da ke kama ƙwararru. Sake laƙabi ba ya tara lissafi. Idan aka datse hanyoyi biyu daga tushe guda har suka zama iri ɗaya, Prometheus ba za ta haɗa ƙimominsu ba. Za ta ga silsila ɗaya da ƙimomi biyu a lokaci guda, ta riƙe ɗaya, ɗayar ta salwanta. Allo zai ci gaba da nuna layi mai kyan gani, amma lambar ƙarya ce, kuma ƙidaya ta ƙarya ta fi rashin ƙidaya haɗari, tunda ana dogaro da ita. Saboda haka mai datsewa yana da zaɓi bayyananne: ko ya zubar da silsilolin da ba a bukata ɗungurungum, ko ya tara su tun kafin su iso ƙofa. Akwai kuma ƙananan tarkuna. Prometheus na amfani da salon RE2 wajen daidaita rubutu, kuma sai ƙa'idar ta dace da ƙimar tun daga farkonta har ƙarshenta. Hanyoyin Windows kuwa suna amfani da karkatacciyar sanda mai kallon baya, wadda ke da ma'ana ta musamman a cikin ƙa'idar.

Masu adawa da datsewa suna da hujjar da ta cancanci a saurara. A daren da abu ya lalace, injiniya yana son sanin ainihin fayil ɗin da ya jawo matsala, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa bai kamata a taɓa tsayayyun hanyoyi kamar /var ko /data ba, domin adadinsu sananne ne. Sai dai aikin ƙidaya shi ne ta faɗi ko akwai matsala da kuma girmanta. Gano wane fayil ne aikin kundin abubuwan da suka faru ne, wanda aka gina domin ɗaukar irin wannan dalla-dalla. Wanda ya ɗora wa ƙidaya aikin kundi yakan rasa duka biyun.

Bayan nauyin na'ura akwai batun amana da na kuɗi. Hanya irin /home/ takan zo da sunan ma'aikaci, sunan fayil kuma yakan ɗauki lambar asusun abokin ciniki, alhali allon sa ido mutane da yawa ke kallonsa. Dokar GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, da dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, duk sun bukaci a taƙaita tattara bayanan mutum ga abin da ake da bukatarsa. Kamfanonin da ke sayar da hidimar sa ido, irin su Grafana Labs da Datadog, suna lissafa wani kaso na kuɗinsu da yawan silsiloli. Ga ma'aikatar da ke samun naira tana biyan dala, kowane laƙabi marar linzami rami ne a aljihu.

Don haka datse hanyar fayil hukunci ne kan abin da ma'aikata ke son sani game da kanta, kuma bai kamata a bar shi ga wanda ya ga dama da tsakar dare ba. Ya dace a rubuta ƙa'idojin, a gwada su da hanyoyi na gaske, wani ya duba su kamar yadda ake duba kowane gyaran manhaja. Kafin a amince da sabon laƙabi kuma, tambaya ɗaya ta isa: ƙimomi nawa zai iya ɗauka nan da shekara guda? Idan babu wanda zai iya faɗin iyakar, wurinsa kundi ne, a bar rumbun ƙidaya ga abin da ke ƙirguwa.