Zancen Makaranta: Allon Lantarki Zai Koya Wa Yaro Karatu?

Ya ku iyaye, a wannan wata muna so mu yi zance a kan wani abin da ake yawan tambayarmu, mu malaman makarantun ekklesiya. Ana cewa makarantar da ta ci gaba ita ce wadda ta ba kowane yaro allon lantarki, wato kwamfutar nan mai faɗin littafi wadda ake taɓawa da yatsa. Kafin iyaye a Gwadangaji ko Birnin Kebbi su sayar da buhun shinkafa don wannan, ya kamata mu duba abin da ya faru a inda aka gwada.

A shekarar 2013 hukumar makarantun birnin Los Angeles a Amurka ta shirya ba kowane ɗalibi allon iPad, aikin da aka ƙiyasta zai ci fiye da dala biliyan 1. Yawancin ɗaliban nan 'ya'yan Latino ne, wato waɗanda asalinsu daga Meziko da ƙasashen kudu da ita. Da yawansu Sifaniyanci suke ji a gida, amma da Turanci ake koya musu. Ba a daɗe da rabon ba, ɗaruruwan yara suka cire makullin da aka sa wa allunan, suka shiga intanet yadda suka ga dama. Darussan da aka yi alkawari ba su kammalu ba, malamai kuma ba su sami horo isasshe ba. A 2014 aka dakatar da kwangilar.

Amma akwai wani labari dabam. A ƙauyukan Tanga a ƙasar Tanzaniya, an ba yara fiye da 2,000 alluna na wata 15, cikin wata gasa da aka kammala a 2019. Darussan da Suwahili aka shirya su, harshen da yaran suke ji, an kuma kafa wurin cajin alluna da hasken rana. Yara da yawa waɗanda ba su san ko harafi ɗaya ba suka fara karanta kalmomi. Abin da ya bambanta Tanga da Los Angeles shi ne abin da aka zuba cikin allon, da harshen da ya yi magana da yaro.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. A gidajenmu da yawa yaro yana jin Dakarci ko wani harshe a bakin uwarsa, yana jin Hausa a kasuwa da sujada, sa'an nan ya tarar da Turanci a aji. Mun sha ganin yaro ya kai aji ɗaya na ƙaramar sakandare yana kwafe rubutun allo tsaf, amma in aka ce ya karanta abin da ya rubuta sai ya sunkuyar da kai. Irin wannan yaro, in aka miƙa masa allo cike da Turanci, hotuna zai kalla. Shi ya sa shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a jihohin Sakkwato da Bauchi, ya fara koya wa 'yan firamare karatu da Hausa tukuna. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, Turanci ba ya yi masa wuya sosai.

Allon yana da amfaninsa. Yana iya furta kalma sau goma ba ya gajiya, yana ɗauke da littattafai da yawa, yana kuma barin mai jinkiri ya bi a hankali ba tare da 'yan aji sun yi masa dariya ba. Amma ku tuna da mutumin Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8. Littafin Ishaya yana hannunsa, yana karantawa, duk da haka bai gane ba sai da Filibus ya zauna kusa da shi.

Saboda haka, in makarantar 'ya'yanku ta kawo maganar alluna a taron iyaye da malamai, ku yi tambayoyi huɗu. Da wane harshe darussan suke? An horar da malaman? Ina za a yi caji in babu wuta? Wa zai gyara in ƙurar hunturu ko zafin bazara ya lalata shi? In ba a sami amsa ba, gara a sayi littattafan karatu, a kuma biya malamai a kan lokaci.

A gida kuwa, ba sai kun jira kowa ba. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu da yawa a kansa suka koyi karatu. Kowane dare, a lokacin addu'ar iyali, ku ba yaro aya biyu ko uku ya karanta da ƙarfi, sa'an nan ya faɗi abin da ya gane da bakinsa. Ko uwa ba ta iya karatu ba, tana iya saurara ta yi tambaya. Ubangiji ya ba mu hikimar renon waɗannan da ya ba mu amana. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.